Yadda Malaman Makaranta Suka Haɗa Kai

Ku 'yan makaranta, kullum kuna ganinmu gaban allo da alli a hannu, amma kaɗan ne daga cikinku suka san wahalar da magabatanmu suka sha kafin malami ya sami bakin magana a ƙasar nan. To, ga labarin.

A Ikko abin ya soma. Cikin 1925 malaman can suka kafa jam'iyyarsu, shekara ta kewayo shugabannin makarantun Ijebu suka yi tasu. Ba a jima ba ciniki ya faɗi ko'ina a duniya, kuɗi suka yi wuya, aka shiga rage albashin malaman makarantun Mishan, waɗanda da ma ba su kai na Gwamnati samu ba. Malamin da bashi ya dame shi kuwa, ina hankalin da zai koyar da lissafi? Da yawa suka bar aikin, yara suka cutu. Saboda haka cikin Yuli, 1931, jam'iyyun nan biyu suka haɗu suka zama Jam'iyyar Malaman Nijeriya, suka naɗa Rabaran Ransome-Kuti na Abeokuta shugaba. Ya riƙe ta har 1954.

Kada ku zaci albashi kaɗai suka nema. Da Gwamnatin Ingila ta naɗa mutane cikin 1943 su bincika sha'anin ilmi mai zurfi a Afirka ta Yamma, shugaban nan yana cikinsu, kuma daga binciken nan ne aka buɗe babbar kwalejin Ibadan cikin 1948.

Mu nan Arewa mun makara, amma da dalili. Yawancin malamanmu ma'aikatan En'e ne, wanda duk ya ɗaga murya sai a ce ya raina Sarki. Sai da Malam Aminu Kano, malamin Midil ta Bauci, ya komo daga karatu a London, sa'an nan ya tara 'yan'uwansa cikin 1948 aka kafa Jam'iyyar Malaman Arewa. A ganinmu ƙarfin halin nan ya fi na mutanen Ikko, gama su ba su da Sarki a kansu irin namu. Shi kansa bai daɗe a aji ba, cikin 1950 ya aje alli ya shiga siyasa. Malaman Arewa da na Kudu kuwa ba su zama jam'iyya guda ba sai 1972.