Tarihin Gano Ƙwayoyin Gado Masu Haddasa Cuta

Tun 1882, lokacin da Robert Koch na Jamus ya gano bakteriyar tarin fuka, masana suka ƙara sanin wace ƙwaya ke jawo wace cuta. Abin da ya rage shi ne sanin mene ne a cikinta ke yin ɓarnar. A 1928 Frederick Griffith a Ingila ya lura cewa bakteriyar namoniya mai santsin riga tana kashe ɓera, marar riga kuwa ba ta kashewa. Da ya haɗa matacciyar mai riga da rayayyiyar marar riga ya yi wa ɓera allura, sai ɓeran ya mutu. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar DNA ce ta ɗauko wannan hali.

Amma samun wata ƙwayar gado a cikin bakteriya mai sa cuta bai isa hujja ba, kamar yadda ganin mutum a wurin sata bai mai da shi ɓarawo ba. Shi ya sa a 1988 Stanley Falkow na Jami'ar Stanford ya gindaya sharuɗɗa: a sami ƙwayar gadon a jinsunan da ke sa cuta, a lalata ta ƙarfin cutar ya ragu, a mayar da ita ƙarfin ya dawo. Sharaɗin ƙarshen ne gishirin hujjar, domin shi ke nuna ba wani abu dabam aka ɓata wajen gwajin ba. A 1995 ɗakin binciken David Holden a Landan ya sauƙaƙa aikin. Suka lalata ƙwayoyin gado daban-daban na bakteriyar Salmonella, suka yi wa kowace bakteriya lamba, suka zuba su tare a jikin ɓera. Duk wadda aka nema aka rasa, to abin da aka lalata mata shi take buƙata don ta rayu a jiki.

Masu suka suna cewa ɓera ba mutum ba ne, bakteriyar taifot ma mutum kaɗai take kamawa. Suna kuma nuni da sanƙarau: mutane da dama na ɗauke da ƙwayarsa a maƙogwaro lafiya lau. Gaskiya ce, cuta ba ta tsayawa sai ƙarfin ƙwaya ya gamu da raunin jiki. Sai dai wannan iyakar sharuɗɗan ya nuna, bai rushe su ba. Karanta jerin DNA da kwamfuta kuwa zargi kawai yake samarwa. Har yau babu hujjar da ta kai a cire a gani, a mayar a gani.