Allo ya faɗaɗa, shafi ya ƙi bin sa

Shafin yanar gizo na farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar CERN a 1991 ba shi da iyakar faɗi. Rubutu ne zalla, duk yadda ka ja tagar haka zai bi ta. Rigimar ta faro ne da shigowar masu zane da suka saba da mujalla, masu son kowane hoto ya zauna inda suka ajiye shi. Sai suka auna allon zamaninsu, mai siffar 4:3 irin ta tsohuwar talabijin, suka ɗinka shafi daidai jikinsa. Lokacin da allon 800×600 ke tashe, ana tsayar da shafi a wajen ɗigo 760. Har sanarwa ake liƙawa a ƙasa, ana gaya wa mai karatu irin allon da ya kamata ya duba da shi.

Da 1024×768 ya zama ruwan dare, aka koma 960, lambar da ke rabuwa cikin 12 ko 16 ba tare da saura ba. Nathan Smith ya fitar da tsarin ginshiƙai a kanta a 2008, masu zane suka yi ca a kai.

A daidai nan ne masana'antu suka juya ga 16:9, siffar da injiniya Kerns Powers ya ba da shawararta a 1984 domin talabijin da fim. Babu wanda ya tuna da mai karatu. A Maris 2012, ƙididdigar StatCounter ta nuna 1366×768 ya sha gaban 1024×768. A kan allo mai faɗin ɗigo 1920 kuwa, shafin 960 rabi kacal yake ci, dama da hagu fili fetal. Shafukan da aka bari su miƙe su ma ba su tsira ba: layi ya yi tsawon da ido ke ɓata hanya kafin ya dawo farkon na gaba. Tun 1992 Robert Bringhurst ya rubuta cewa layin da ke da daɗin karatu haruffa 45 zuwa 75 ne.

A Mayu 2010 Ethan Marcotte ya kawo dabarar shafi mai sauya tsarinsa gwargwadon allo, jaridar Boston Globe ta ɗauka a 2011. A ganina, wayar hannu ce ta fi cin moriyar wannan. Babban allo dai an ci gaba da yi masa shinge a tsakiya.

Wikipedia ta daɗe tana barin rubutu ya cika allo. A Janairu 2023 sashenta na Ingilishi ya taƙaita faɗin, editoci da yawa suka tayar da jijiyar wuya, suna cewa ba su sayi babban allo don kallon farin fili ba. Sabon tsarin ya zauna, amma an bar maɓallin da mai so zai danna rubutun ya sake bajewa.