Karen Bana da Zomon Bana: Zaman Hausawan Sudan da Kare

Idan aka ce horar da kare a yau, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne wani ƙaton kare ɗan ƙasar waje a gidan mai kuɗi, da sarƙa a wuya, a ce masa zauna ya zauna, tashi ya tashi. Da yawanmu mun ɗauka Bature ne ya kawo wannan sana'a, mu kuwa tsakaninmu da kare sai jifa da kora. Tarihi bai yarda da haka ba. Musulmin Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin mene ne horarren kare, da aikin da ake ajiye shi dominsa, da haƙƙin da ke kan mai shi. Wuri mai kyau da za a tsaya a duba wannan lamari shi ne ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sudan, a yankin Jazira da gaɓar kogin da Larabawa ke kira Baharul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, domin a can cikin shekara ɗari kacal daji ya koma gona, gona ta koma gari, kare kuwa ya rasa aikin da aka san shi da shi.

Bari mu fara da yadda aka yi Hausawa suka je can. Tun ƙarnoni da suka wuce maniyyata daga ƙasar Hausa da Barno ke ratsa Wadai da Darfur a ƙafa zuwa Makka, wasu su shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙodago don neman guzuri. Amma babban kwararo ya biyo bayan shekarar 1903. A watan Maris na wannan shekara Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita hijira zuwa gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar mutane har Sudan. Sun fara sauka a Shaikh Ɗalha, sannan wajen 1906 suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa, Mai Wurno, a kudu da Sinnar. Fulani da Hausawa ne suka cika shi, daga nan kuma wasu ƙauyuka suka yi ta tsirowa a bakin kogin da rassansa. Mutanen Sudan suna haɗa su duka su kira su Fallata ko Takari.

Abin da masu hijira suka ɗauko a cikin gafaka ya fi abin da suka ɗauko a kan jaki nauyi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Khalil, su ne dai suka tarar ana karantarwa a Sudan tun zamanin daular Funj, wadda ta yi mulki daga Sinnar tsakanin 1504 da 1821. Saboda haka baƙo da ɗan gari hukunci ɗaya suka sani game da kare, kuma hukuncin ya fi yadda ake zato sassauci da tsari.

A mazhabar Imam Malik duk abu mai rai tsarkakke ne, har da kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don karen najasa ne ba. Ajiye shi kuwa an ɗaure shi da dalili. Risala ta hana a ajiye kare a gida, a birni ko a ƙauye, sai don abu uku: tsaron shuka, rakiyar dabbobi zuwa kiwo, da farautar da mutum ke yi don abincinsa, ba don wasa ba. Ta kuma ce wanda ya kashe karen da aka halatta ajiyewa sai ya biya ƙimarsa. Malamai sun yi saɓani kan sayar da irin wannan kare, har aka ruwaito cewa Sahnun, mai Mudawwana, yana ganin babu laifi ya sayar da shi ya je aikin Hajji da kuɗin. Ga mutanen da rayuwarsu kacokan a kan hanyar Makka take, wannan fatawa ba ƙaramar magana ba ce.

Shi kansa horon yana da ma'auni. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, malamai kuma suka fayyace wane ne horarre: wanda idan an sake shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. Shafi'awa sun ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, Malikawa ba su wajabta wannan ba. Dole kuma maigidan ne zai sake shi, ya ambaci sunan Allah. Idan kare ya zabura da kansa ya kashe barewa, naman bai halatta ba. A lura da kyau, abin da masu koyar da karnuka a biranen duniya suke karɓar kuɗi a kansa yau, wato kare ya zo in an kira shi kuma ya tsaya in an hana shi, shi ne ainihin abin da almajiri ke karantawa a babin farauta fiye da shekara dubu. Ibn Abi Zaid ya rasu tun shekarar 996.

Mafarautan ƙasar Hausa sun san wannan a aikace ko da ba su buɗe littafi ba. Tun yana kwikwiyo ake ɗaukar kare, hannu ɗaya ke ba shi abinci don ya san ubangidansa, a saba masa da sunansa da fito irin na mai shi, sannan a sa shi cikin manyan karnuka ya ga yadda ake bin sawun zomo da gada. Idan rani ya yi, an kawar da amfanin gona, sai a buga gangi a fita farautar gayya. A ƙauye kuwa haushin kare ne ke sanar da makiyayi cewa kura ta kusanto garke, shi ke korar dila daga akurki da birai daga gonar dawa. Harshenmu ya adana wannan zama. Muna cewa kare ka mutu da haushin kura, muna cewa in ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi. Wanda bai zauna ya karanci halin dabba ba, ba zai yi mata irin wannan karin magana ba.

Ƙasar da masu hijira suka sauka a cikinta tana buƙatar wannan ilmi. A farkon ƙarni na 20 kudancin Sinnar daji ne mai kauri, akwai kura da gadu da gwaggon biri, kuma wanda ya sari gona a bakin dawa dole ya nemi mai gadinta. Sudan ba ta rasa karnuka ba. Akwai siraran nan masu dogayen ƙafafu da Larabawa ke kira salugi, waɗanda aka sani da gudu wajen bin barewa, akwai kuma karen ƙauye na gama-gari irin namu.

Sai ruwa ya zo ya canja komai. A 1925 aka kammala madatsar Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira a filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, domin samar wa masaƙun Ingila auduga. An fara da faddan kusan 300,000, shi kuwa faddan ɗaya ya ɗan ɗara eka guda. Da aka ƙara yankin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950, filin ya kai wajen faddan miliyan 2. An yanka ƙasa gida-gida, kowane manomi da tasa hawasha, magudanan ruwa sun miƙe sambal. Dubban 'yan Afirka ta Yamma suka shiga aikin shuka da cirar auduga, da yawansu suna zaune a sansanonin ma'aikata da ake kira kambo, a gefen ƙauyukan masu gona. A 1935 gwamnati ta keɓe dajin Dindir a matsayin gandun namun daji, aka hana farauta a cikinsa. Daga baya noman tarakta ya share manyan filaye a kudu, aka kuma gina madatsar Rusairis a 1966.

Ka duba abin da wannan ya yi wa dalilai ukun nan na Risala. Farauta ta ja baya saboda naman ya ƙaura, wanda ya rage kuma doka ta tsare shi. Auduga ba abincin biri ba ce. Kura ta yi nisa da gari. Mutumin da ke cirar auduga daga safe zuwa yamma a gonar wani ba shi da lokacin koya wa kwikwiyo fito. Kare bai ɓace ba, aikinsa ne ya ɓace, kuma dabbar da ba ta da aiki a wurin talaka ba ta da rabon tuwo. Sai ya koma juji da mahauta da bakin kasuwa, yana hayayyafa ba mai ƙirga shi. Wannan labari ba na Jazira kaɗai ba ne. Haka aka yi a gefen Kano da Katsina da Maraɗi, duk inda gari ya cinye daji.

A daidai lokacin nan ne kuma karen ado ya shigo manyan birane. Shi ma ba tsohon abu ba ne ko a Turai. Baje kolin karnuka na farko an yi shi a Newcastle ta Ingila a 1859, karen nan na Jamus da 'yan sanda da masu kuɗi ke so kuwa sai a 1899 aka yi rajistar irinsa, kuma asalinsa karen kiwon tumaki ne. A Khartum da Wad Madani, kamar yadda yake a Kano da Kaduna, aka samu kare iri biyu a titi guda: na bayan katanga mai likita da abinci na musamman, da na waje wanda ba mai ko kallonsa sai da dutse a hannu. Shi na cikin ma sau da yawa ba horarre ba ne, ɗaurarre ne. A kulle shi a keji yini guda don ya yi zafi, a sake shi da dare, ranar da ya kuɓuce ya faɗa wa ɗan maƙwabci. A ma'aunin malamanmu wannan bai ci sunan horarre ba, tunda ba ya tsayawa in an tsawata masa.

Malamai ba su rufe ƙofa ga tsaron gida ba. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Darasin shi ne buƙata na iya sauyawa, amma sharaɗin dalili da ɗaukar nauyi yana nan.

Nauyin nan kuwa batun rai ne. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Rigakafinsa ya samu tun 1885 a hannun Louis Pasteur na Faransa. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na yankewa. To amma wa zai kama karen da ba shi da ubangida ya kai shi allura? Wanda ya saba da hannu, ya san sunansa, shi ke tsayawa a yi masa. Nan ne horo da lafiyar jama'a suka haɗu.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara fito da wannan a fili. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe su daga baya. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, kuma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar kare. Rahotanni daga Khartum sun yi ta ambaton garken karnuka da ke yawo a unguwannin da aka watse, ga asibitoci a rufe, ga allurar cizo da ba ta zama sai a cikin sanyi alhali babu wuta. Jikokin mutanen da suka yi hijira daga Burmi sun sake ganin wata hijirar, kuma masu komawa gida za su tarar da wannan matsala tana jiransu tare da sauran.

Mu da ke Kano da Zariya da Damagaram bai kamata mu jira sai irin haka ta same mu ba. Wanda zai ajiye kare ya tambayi kansa aikin me zai yi masa. Ya fara saba masa da mutane da dabbobin gida tun yana 'yan makonni, ya koya masa zuwa da tsayawa da lada, ba da bulala ba, ya kai shi allura daga wata 3, ya ciyar da shi ya shayar da shi. Hadisi ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda kare ya ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.

Kakanni sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomon bana ba a dawa yake ba, yana cikin unguwa: ɓarawon dare, da cizon da ke kashe yaro a hanyar makaranta. Maganinsa kare ne mai suna, mai ubangida, mai shaidar allura, wanda in aka ce masa tsaya zai tsaya.