Gidan da damina ta riga ta yi wa shaida

Kakana magini ne a Kance, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda a yi cinikin gida kafin a kai damin gero na ƙarshe rumbu ba. Ina yaro na ɗauka camfin tsofaffi ne. Ashe lissafi ne.

A ƙuruciyarsa gida ba haja ba ne. Baƙo in ya zo da niyyar zama, mai unguwa ke yi masa iso wajen Sarkin Kance, a nuna masa fili, ya kai goro. Abin da ke cin kuɗi shi ne azara da ladan magina. Gyaɗa ce ta sauya wannan. Ƙasar Matamaye da Magarya na cikin manyan wuraren nomanta a Nijar, har aka kafa masana'antar mai a Matamaye, a 1962 kuma gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA don cinikinta. A wancan zamanin ana kafa sikelin gyaɗa ne bayan kaka, daidai shigowar sanyi. A 'yan makonnin nan kaɗai manomi ke riƙe tsabar kuɗi, a cikinsu kuma ake bin haraji, ake ɗaura aure, masu cin rani ke neman guzurin Kano. Mai saye na da abin hannu, mai sayarwa buƙata ta shaƙe shi, to me zai hana ciniki faɗawa?

Shi kakana bango ne ya dame shi, ba kuɗi ba. Gidan ƙasa ba ya iya ɓoye abin da damina ta yi masa sai an taya shi. In ka shiga a Disamba, komai na nan a fili. Za ka ga iyakar inda ruwa ya kwanta a gindin katanga, ka ga sawun yoyo a jikin azara, da ramin da indararo ya haƙa. Yakan fara da bangon gabas, don ta nan hadari ke dukan gida, ya ƙwanƙwasa da sanda yana kasa kunne, sannan ya ɗaga kai ya nemi hanyar gara. Zuwa Maris mai gida ya yi sabon yaɓe, shaida ta shafe.

Gyara ma lokacinsa ke nan, bayan kaka. Kududdufi da sauran ruwa, magina sun dawo daga gona, ga ciyawar kwaɓi ko'ina. A mulmula tubali da hannu, a jera, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan kwanaki, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Wanda ya bari sai bazara, ruwan kwaɓin ma saya zai yi daga masu jaki.

Farin 1973 da 1974, da cutar da ta bi gyaɗa a 1975, su suka karya sikeli. Wake da kuɗin 'yan ci-rani suka maye gurbi. Dokar filayen karkara ta 1993 ta zo da kwamitocin filaye da takardar shaidar saye, abin da a da goro da dattawa biyu ke wadatarwa. Ban ƙi takarda ba, ta kashe rigingimu da yawa, sai dai iyaka take faɗa maka, ba ta san bango ba. Bulo da kwano kuma ba ruwansu da wata, shi ya sa yaran yanzu ke ganin kowane lokaci daidai ne.

Ni ma na bi su. Na sayi wani gida a Afrilu, yaɓensa sumul kamar ƙwai, takardu cif. Ruwan Agusta na uku ya kwantar da bangon gabas cikin dare, Allah ya sa ba kowa a ɗakin. Da safe kawuna, wanda ya gaji aikin kakana, ya zo jaje. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar gindin bangon ya murza, ta zube kamar gari. Bai yi faɗa ba.

"Ɗana," in ji shi, "a wane wata ka biya?"