Ƙarin Hanta Mai Kama da Sankara

Ya kai mai karatu, idan kana da ɗan uwa daga Kiyako ko Gwaram da aka kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, aka yi masa hoton ciki, aka ce an ga ƙari a hantarsa, na san abin da zai fara faɗo maka shi ne sankara. Tsoron nan yana da tushe. A 1965 Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jini, daga baya bincike ya tabbatar ita ce babbar sanadin sankarar hanta a Afirka ta Yamma, tare da gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna. Sai a 2004 Najeriya ta shigar da allurar wannan ciwo cikin rigakafin yara, saboda haka manya da yawa sun tashi ba su samu ba.

Amma tarihin likitanci ya nuna akwai ƙarin da ke yaudarar ido. A 1963 likita Saltzstein ya bayyana wani tsiro a huhu mai kama da sankarar kaluluwa, alhali ba ita ba ce. A 1981 Snover da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton irinsa a hanta. Taruwa ce ta fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, irin waɗanda ke kumbura kaluluwa, kuma ba ta yaɗuwa. Ba kasafai ake samunsa ba. Rahotanni da dama daga Japan suka fito, mafi yawa a kan mata masu matsakaicin shekaru. A hoton CT yakan yi kama da sankara ƙwarai, har an sha yanke shi kafin a gane gaskiyarsa a ƙarƙashin madubin likita.

Don haka kada ka yanke ƙauna saboda hoto kaɗai, kada kuma ka koma gida da zaton alheri ba tare da bincike ba, domin a yankinmu sankarar ce ta fi yawa, kuma jinkiri yana rage damar magani. Ka nemi a yi gwajin ciwon hanta B da C da na AFP. Ka tambayi likita ko ana bukatar ɗebo ɗan naman wurin a duba, ko da sai an tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan gwajin B ya nuna akwai, a gwada mutanen gidan duka, a yi wa waɗanda ba su kamu ba allura.