Kalankuwa da Giyar Kaka a Ƙasar Dutse

Babu wata al'ummar manoma a duniya wadda ba ta da ranar da take ajiye fartanya ta yi murnar abin da ƙasa ta ba ta. A garin Limasol da ke bakin teku a tsibirin Kubrus, tun shekarar 1961 ake yin bikin giyar inabi a ƙarshen lokacin zafi, daidai sa'ad da ake tsinkar 'ya'yan inabi. Mu nan ƙasar Dutse ba mu da teku, ba mu noman inabi, amma muna da kaka, muna da dawa da gero, muna kuma da namu bikin, wato kalankuwa. Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu a kai shi ne yadda bikin kaka ya rabu da giya a ƙasarmu, bai kuma mutu ba saboda rabuwar.

Ina yaro na sha ganin kalankuwa a ƙauyenmu, tsakanin Dutse da Kiyawa. Da zarar an gama yankan dawa an cika rumbuna, sai samari su tara kuɗi su gayyato makaɗa. Sarkin Samari ya naɗa Waziri da Alkali da dogarai, a kafa fada a dandali, a riƙa yin shari'ar wasa ana cin tarar duk wanda ya saɓa dokar taro. 'Yan mata su yi kitso da lalle, 'yan kokawa da 'yan dambe su zo daga ƙauyukan maƙwabta, a kwana ana kiɗa. Abin sha kuwa fura ce da nono da kunun zaƙi. Ban taɓa ganin tulun giya a wannan dandali ba.

Amma tarihi ya nuna cewa bukukuwan kaka a ƙasar Hausa sun girmi wannan tsari. Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, suna da nasu, irin su shan kabewa, kuma giya ce ginshiƙin taronsu. Mata ne ke dafa ta: a jiƙa dawa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, sannan a bar ta ta tashi. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano ya kuma buga littafinsa a 1946, ya nuna irin matsayin da giya take da shi a rayuwarsu da ibadarsu. Da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake karɓar baƙi a biki. Ashe ke nan giya hanya ce ta raba amfanin gona tsakanin dangi da maƙwabta.

To, yaya aka yi ta fita daga dandali? Musulunci ya daɗe a ƙasar Kano, wadda Dutse take ƙarƙashinta a da, amma jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 shi ne ya ƙarfafa hukuncin shari'a a hannun sarakuna da alkalai. Da Turawa suka zo, ba su rushe wannan ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal a 1890 ta taƙaita cinikin barasa a wasu sassan Afirka, gwamnatin Lugga kuma ta hana shigo da ita Arewa domin sayar wa 'yan ƙasa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birninta, sai kuma jihar ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Amma tun kafin wannan doka, musuluntar mutanen karkara ta riga ta yi aikinta a hankali, gida bayan gida.

Abin lura a nan shi ne, abin sha kaɗai aka sauya. Manomin da kakansa ya sallami 'yan gayya da giya, shi ya sallame su da tuwo da fura. Zumunci da raba arziki, da ba samari damar koyon shugabanci, duk sun zauna daram. Abin da ya raunana kalankuwa daga baya shi ne tafiyar samari cin rani da zarar an gama girbi, da sukar da wasu malamai suka yi wa cuɗanyar maza da mata, da kuma sababbin hanyoyin nishaɗi.

'Yan'uwana ɗalibai, na lura da yawanmu muna jin nauyin ambaton giya in muna rubuta tarihin garuruwanmu, sai mu tsallake babin gaba ɗaya. Bayyana abin da kakanni suka yi ba yarda da shi ba ne, kuma wanda bai san inda aka fito ba, ba zai gane nisan tafiyar da aka yi ba. Tsofaffin da suka riƙe sarautar samari a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In hutun kaka ya zo, kowa ya ɗauki alƙalami da takarda ya zauna gaban nasa tsohon, ya tambaye shi wa ya yi kiɗa, me aka ci, me aka sha, kuma yaushe aka daina. Allah Ya sa mu dace, amin.