Yadda Jam'iyyun Amurka Suka Yi Musayar Riga

Mai karatu, da za ka je kudancin Amurka a 1900 ka tambayi baƙar fata wace jam'iyya yake so, zai ce maka Rifablikan, domin ita ce jam'iyyar Abraham Lincoln, shugaban da ya yi shelar 'yanta bayi a 1863. Fararen Kudu kuwa, waɗanda suka sha kashi a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, 'yan Dimokurat ne na gani kashe ni. Su suka kafa dokokin wariya, makaranta daban, wurin zama a mota daban, har famfon shan ruwa daban. Yau kuma an juya waina: mafi yawan baƙaƙe Dimokurat suke zaɓa, fararen Kudu sun koma Rifablikan. Idan kana son ganin yadda aka yi haka, bi rayuwar mutum ɗaya, Strom Thurmond na jihar Karolina ta Kudu.

An haife shi a 1902, ya tashi ɗan Dimokurat kamar sauran fararen garinsu, har ya zama gwamna a 1947. Rigima ta taso ne a 1948, da Shugaba Harry Truman, ɗan jam'iyyarsu, ya ba da umarnin a daina wariya a cikin soja, jam'iyyar kuma ta sanya 'yancin baƙaƙe cikin manufofinta. Wakilan wasu jihohin Kudu suka fice daga babban taro a fusace, suka tsayar da Thurmond takarar shugaban ƙasa. Ya cinye jihohi 4. Bai kai labari ba, amma daga ranar bango ya tsage.

Ya shiga Majalisar Dattawa a 1954. A 1957, da aka kawo dokar kare 'yancin baƙaƙe, mutumin nan ya miƙe tsaye yana magana awa 24 da minti 18 don kawai ya hana a kaɗa ƙuri'a. Kai, taurin kai ma baiwa ce! Dokar dai ta wuce. Ba a sami wanda ya zarce shi daɗewa a tsaye ba sai a 2025, lokacin da Sanata Cory Booker, baƙar fata ɗan Dimokurat, ya yi awa 25 da 'yan mintuna.

Shekarar 1964 ce ta raba gardama. Shugaba Lyndon Johnson, ɗan Dimokurat kuma ɗan Kudu daga Texas, ya sa hannu a babbar dokar da ta haramta wariya. A yi adalci, 'yan Rifablikan da yawa sun goyi bayan dokar, ba don su ba da ba ta wuce ba. To amma ɗan takararsu na shugaban ƙasa, Barry Goldwater, ya ƙi ta, yana cewa gwamnatin tarayya na yi wa jihohi shisshigi. Wannan magana ta yi wa Thurmond daɗi, a watan Satumba ya tattara nasa ya nasa ya koma Rifablikan. Goldwater ya sha ƙasa, jihohi 6 kacal ya samu, amma 5 daga cikinsu na tsakiyar Kudu ne.

Sauran fararen ba rana ɗaya suka bi shi ba. Sai da aka ɗauki shekaru kusan 30, aka haɗa da batun addini, zubar da ciki, haraji da riƙe bindiga, kafin Kudu ta juya sosai a zaɓen 1994.

Thurmond ya rasu a Yunin 2003 yana da shekara 100. Bayan wata shida sai ga wata dattijuwa baƙar fata mai shekara 78, tsohuwar malamar makaranta, Essie Mae Washington-Williams, ta fito ta ce ita 'yarsa ce. Ashe yana ɗan shekara 22 ya yi wa 'yar aikin gidansu ciki, yarinya baƙa da ba ta wuce shekara 16 ba. Da ni na rubuta haka a littafi, da masu karatu sun ce na cika ƙari. Duk shekarun da yake yaƙi don kada baƙi da fari su zauna a aji ɗaya, yana aika mata kuɗi a ɓoye, har ya taimaka da karatunta na jami'a, amma bai taɓa kiranta 'yarsa a bainar jama'a ba. Iyalinsa ba su musa ba, daga baya ma aka ƙara sunanta cikin jerin 'ya'yansa a jikin mutum-mutuminsa da ke harabar majalisar jihar.